Injin burodi ya shigo garinmu: abin da muka koya kafin mu buɗe akwati

 

Labarinmu na wannan karo a kan burodi ne. Bayan ƙaramar salla ɗan wata daga cikinmu ya dawo daga bida a Abijan, ya kawo wa uwarsa tsaraba: wani farin inji, girmansa bai wuce bokitin ruwa ba, da murfi a sama da madannai a gefe. Ya ce mata a zuba fulawa da ruwa da yis, a danna, a tafi harkar gaba. Shi zai kwaɓa, ya bari kwaɓin ya tashi, ya kuma gasa. Ranar taro ta ɗauko shi a ka ta dire tsakiyar tabarma, kusa da akwati. Kafin a gama kiran suna, mata uku sun ɗaga hannu suna son bashi su sayi irinsa su shiga sana'ar burodi.

Ma'ajinmu, wadda ta girme mu duka, ta ce: "Ku dakata, ɗiyana. Kuɗin ga ba na mutum guda ba ne. Mu gwada shi tukun, gani ya kori ji." Aka tsaya a kan haka. Ƙungiya ta sayi fulawa da yis, mai inji ta ba da aro, muka yi mako huɗu muna gwaji a gidan wata daga cikinmu da ke da wutar lantarki. Abin da muka gani shi ne muka kawo muku, don wadda ke da irin wannan inji ta san yadda za ta fara, wadda ke shirin cin bashi dominsa kuma ta yi lissafi tun kuɗin suna cikin akwati.

Mene ne wannan inji?

Kamfanin Matsushita na ƙasar Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, shi ya fara fitar da shi kasuwa, saboda gidajen da ke son burodi mai zafi da safe. In kika buɗe murfin za ki ga gwangwani mai zurfi da ake cirewa. A gindin gwangwanin akwai wani ɗan ƙarfe mai juyawa, mu dai ƴar muciya muke ce masa, domin aikin muciya yake yi. A ƙasa kuma akwai ƙarfen da ke yin zafi in lokacin gashi ya yi.

Madannan suna da lambobi. A yawancin injinan lamba 1 ita ce ta farin burodi na yau da kullum, kuma da ita ya kamata sabuwar shiga ta fara. Daga dannawa zuwa gamawa wajen awa 3 ne, wasu injinan har su kusa 4. Abin da ke fitowa burodi ne guda ɗaya tak, mai kusurwa huɗu, mai laushi, dangin wanda ake shigowa da shi daga Najeriya. Ba ya yin dogon burodin nan irin na Faransa mai ƙamas-ƙamas.

Awo kafin komai

Mu mata mun saba da awon ido. Tuwo da fura da ƙosai duk hannu ya san su. Inji kuwa ba shi da ido, abin da kika zuba masa shi zai juya. Ga awon da ya yi mana daidai, na burodi guda:

Fulawa, rabin kilo.
Ruwa, mililita 300.
Sukari, babban cokali 2.
Man gyaɗa, babban cokali 2.
Gishiri mai laushi, ƙaramin cokalin shayi 1 da rabi.
Yis na gari, ƙaramin cokalin shayi 1 da rabi.
Madarar gari, babban cokali 2, ga mai hali. Ko babu ita burodi zai yi.

Duk cokali a shafe bakinsa, kada a yi masa tozo. Wadda ba ta da sikeli ta sa mai kanti ya auna mata kilo guda, ta raba biyu daidai, ta nemi kwanon da rabin ya cika, ta ajiye shi ya zama kwanon awonta. Na ruwa kuma a sami gorar rabin lita, a raba tsawonta gida biyar, a yi alama a kan na uku. A tankaɗe fulawa ko da sabuwa ce, saboda ƙwari da gudaji.

Jerawar ma da ƙa'idarta. A cire gwangwanin daga cikin inji, a tabbatar ƴar muciya ta zauna. Ruwa da mai su fara shiga, sai fulawa ta rufe su. A zuba gishiri a kusurwa ɗaya, sukari a wata. A ƙarshe a yi ɗan rami da yatsa a tsakiyar fulawa a zuba yis a ciki. Yis abu ne mai rai, sukari yake ci ya fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi, kuma gishiri yana rage masa ƙarfi in suka haɗu kai tsaye. Shi ya sa ake raba su har sai inji ya fara juyi.

Bayan minti 5 zuwa 10 da fara kwaɓi, a ɗaga murfi a leƙa. Nan ne kawai inji ke bukatar idonki. Kwaɓi mai kyau yana dunƙulewa curi guda, sumul, in kin taɓa ya ɗan kama yatsa ya saki. In yana warwatsewa, inji na gurnani, a ƙara ruwa babban cokali ɗaya. In ya zama kamar ƙullun fanke yana manne wa gwangwani, a ƙara fulawa cokali ɗaya. Daga nan a rufe, kada a sake buɗewa, musamman in gashi ya fara. In ya yi ƙarar gamawa a cire shi daga wuta, a kama gwangwanin da tsumma mai kauri, a juye burodin. A bar shi ya huce kamar awa guda kafin a yanka, in ba haka ba cikinsa zai cakuɗe a wuƙa.

Kurakuran da muka yi

Burodinmu na farko ko rabin gwangwani bai kai ba, ga nauyi kamar tubali. Yara suka yi ta dariya, akuya ce ta ci riba. Laifin yis ne: ragowar na azumi ne da ya daɗe a buɗe cikin zafin ɗaki. Tun daga ranar ba mu ƙara kwaɓi ba sai mun gwada yis. Rabin kofi na ruwa mai ɗumi, ƙaramin cokali na sukari, ƙaramin cokali na yis. In bayan minti 10 ya yi kumfa yana da rai, in ya kwanta shiru a zubar. Kada a ɗauki hodar tashin kek ko kanwa a ce za su maye gurbinsa, aikinsu daban ne.

Na biyu ya tashi har ya taɓa murfi, muka fara guɗa, sai ga shi ya lotsa a tsakiya. Wata ce a cikinmu ta ƙara yis don ya fi girma, ga ruwan da ya wuni a jarka cikin rana. Littattafan da ke zuwa da waɗannan injinan an rubuta su ne don ƙasashe masu sanyi, shi ya sa suke cewa a sa ruwa mai ɗumi. A nan Adar, lokacin bazara da zafi ke haura 40, ruwan randa mai sanyi ya kamata a sa, a kuma rage yis zuwa ƙaramin cokali ɗaya. Da ɗari, cikin watannin Disamba da Janairu, sai a koma ruwa mai ɗan ɗumi irin na wankan jariri, kuma fulawa kan nemi ƙarin cokali ɗaya na ruwa saboda bushewar iska. Ruwan da hannu ba ya iya zama a ciki yana kashe yis.

Na uku an manta gishiri. Ya tashi sosai, amma lami, cikinsa duk manyan ramuka. Ashe gishiri ba don ɗanɗano kaɗai ake sa shi ba, shi ke riƙe yis kada ya yi gudun wuce sa'a.

Sai ranar da ƴar muciya ta ɓata. Muka birkice gida kaf, ashe tana maƙale a gindin burodin da aka aika wa maƙwabta. Allah ya sa suka dawo da ita. Ku kula da wannan ɗan ƙarfe, domin in ya salwanta inji ya zama kwandon ajiya, kuma mu dai mun duba kasuwarmu ba mu ga mai sayar da shi ba. Kada kuma a kankare gwangwanin da soson ƙarfe ko wuƙa, ruwan ɗumi da tsumma sun isa. Shi kansa injin ba a tsoma shi a ruwa.

Maganar wuta

Ga inda gizo ke saƙa. Inji yana son wuta awa 3 ba yankewa, kuma kowa ta san halin wutarmu. Akwai tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, amma kaso mai yawa na wutar ƙasarmu daga Najeriya yake zuwa. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, da aka yanke layin, bai dawo ba sai a watan Maris na 2024. Ko a lokacin lafiya, da bazara ta kama ɗauke wuta sai abin da ya ƙaru.

Wasu injinan suna riƙe inda suka tsaya na ƴan mintoci, in wuta ta dawo da wuri su ci gaba. In ta daɗe sai dai a ceci kwaɓin da hannu. In lokacin kwaɓi aka ɗauke, a juye a roba a ƙarasa murzawa. In lokacin tashi ne, a bar shi cikin gwangwani ya gama tashi, sannan a mai da shi wani gwangwanin a gasa a tukunya. In gashi ya riga ya yi nisa, sau da yawa sai haƙuri, domin burodin da ya huce rabi ɗanye ba ya gyaruwa sosai. Da zarar an ɗauke wuta a zare wayar injin daga bango, saboda wutar da ke dawowa da ƙarfi tana ƙona kaya.

Lokacin gashi irin waɗannan injinan suna jan wat 500 zuwa 700. Ƙaramin faifan sola da muke cajin waya da kunna fitila da shi ba zai ɗauke shi ba. Wadda za ta sayi na gwanjo kuma ta juya shi ta karanta lambar da ke ƙasa ko bayansa. In an rubuta 220, 230 ko 240 da harafin V, ya dace da wutarmu. In 110 ko 120 ne, na Amurka ne, kina sa shi a bango zai ƙone. A sa mai kaya ya kunna a gabanki, ki ga ƴar muciya na juyawa, ki ji ƙarfen ya yi zafi, kafin kuɗi su bar hannunki.

Lissafin da ya sanyaya mana jiki

Da mako huɗu suka cika, sakatariyarmu ta buɗe littafi. Inji yana ba da burodi ɗaya a awa 3. Ko da an kunna shi daga asuba zuwa magariba ba a ɗauke wuta ba, guda 4 ne, kuma ana son ya huce tsakanin gashi da gashi. Buhun fulawa mai kilo 50 burodi 100 ne a wannan awo, wato kwana 25 kafin inji ya cinye buhu guda. A gwajinmu ma, yawancin ranaku guda 2 muka samu.

Farashi yana canzawa, don haka ga misali kawai, kowa ta sa nata lambobin. A ce inji jika 40 ne, a ce kowane burodi ya bar ribar dala 30 bayan an cire fulawa, sukari, mai, yis da kuɗin wuta. Guda 2 a rana dala 60 ke nan, a wata jika 9. A dokar ƙungiyarmu bashi yana dawowa da ƙarin kashi 10 cikin 100 kowane wata, wato jika 4 a kan jika 40. Saura jika 5. Wa'adin bashinmu wata 3 ne. Ko duk abin da ya rage aka zuba a biya, ba a ci ko sisi ba, wa'adi zai cika ba a kai rabin uwar kuɗin ba. Sauran daga ina zai fito? Daga akuya, ko daga hatsin rumbu.

Ɗaya daga cikin masu neman bashin ta yi shiru, can ta ce: "Wallahi Inna, da kun biye mani da na shiga ukku." Aka yi dariya, amma kowa ta gane.

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, abin da ya riƙe asusun mata shi ne bashin da ke juyawa da sauri: a sayi gyaɗa a yi ƙuli, a sayi wake a yi ƙosai, kuɗi su dawo akwati wata ta ɗauka. Bashin da ya kwanta cikin ƙarfe yana jiran wuta ya tare wa mata da yawa hanya.

Akwai kuma maganar masu saye. Babban burodi sai mai gida da ya sami kuɗi ranar kasuwa. Yara ƴan makaranta da masu shan shayi ƙarami suke nema, na dala 10 ko dala 20, kuma inji bai san yin ƙanana ba.

Abin da inji ya koya mana, tukunya ta karɓa

Ranar da wuta ta fara yanke mana aiki, wata mai yin kek na biki a cikinmu ta ce a kawo tukunya. Daga nan muka gane cewa awon da muka koya a inji yana aiki ko babu inji.

A ninka awon sau huɗu: fulawa kilo 2, ruwa lita 1 da mililita 200, sauran kayan ma sau huɗu. A haɗa a babbar roba, a murza da gindin tafin hannu minti 15, har kwaɓin ya yi sumul, in an ja shi ya miƙe bai tsinke nan take ba. Wannan murzar ita ce aikin da ƴar muciya ke yi, kuma ita ke sa alkama ta yi danƙon da ke riƙe iska. A rufe da tsumma mai ɗanshi a inuwa har ya ninka girmansa; da zafi bai fi minti 45 zuwa awa guda ba, da ɗari yakan fi haka. A danne shi iska ta fita, a yanka gida 20, a mulmula, a sa a gwangwanaye masu tsabta da aka shafa wa mai, kowane zuwa rabi. A sake rufewa har su kusa cika.

Kafin nan an zuba rairayi mai tsabta kamar kaurin yatsa biyu a gindin babbar tukunya, an ɗora a kan garwashi, an rufe ta yi zafi. A barbaɗa ƴar fulawa a kan marfin gwangwani a sa ciki: in ta yi ja cikin minti ɗaya ko biyu zafi ya yi, in ta ƙone nan take a rage wuta. A jera gwangwanayen kada su taɓa jikin tukunya, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi, na sama ya ɗan fi na ƙasa. Ƙanana sukan gasu cikin minti 20 zuwa 25, babba kuma 35 zuwa 40. A ciro guda a ƙwanƙwasa gindinsa, in ya yi amo kamar ganga ya nuna. A shafa ɗan mai a kai tun da zafi, ɓawon zai yi laushi.

Da hantsi ɗaya, mata biyu da tukunya biyu sun fitar da abin da inji zai wuni cur yana yi, kuma babu mai kallon ƙwan fitila tana addu'a. Kada dai a ƙulle burodi a leda da zafinsa, gumi zai sa ya yi saurin lalacewa. Namu ba shi da maganin hana ruɓa, don haka a yi daidai wanda zai ƙare cikin kwana biyu.

Fulawa da hatsinmu

Ko inji ko tukunya, fulawa ce ke cin mafi yawan jari, kuma yawancinta daga waje take zuwa. Mun ga yadda ta yi tsada a 2022 da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukiren, mun kuma ga abin da rufe iyaka tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya ya yi wa kasuwa a 2019 da 2023. Saboda haka muka gwada surki. A Senegal an daɗe ana yin burodi da kashi 15 cikin 100 na garin gero. Mu ma mun ga in aka cire kashi ɗaya cikin bakwai na fulawa aka mai da garin gero ko na dawa mai laushi sosai, burodi yana tashi, launinsa ya ɗan yi duhu, ƙamshinsa ya yi daɗi. In surkin ya wuce kashi ɗaya cikin biyar sai ya yi nauyi ya riƙa marmashewa, domin gero da dawa ba su da danƙon alkama. Alkamar rani irin wadda ake nomawa a fadamar Ƙonni ma tana shiga: a niƙa, a tankaɗe, a haɗa rabi da rabi da fulawa, a ɗan ƙara ruwa. Sabuwar shiga dai ta fara da zallar fulawa har hannunta ya faɗa, sannan ta shiga surki.

Abin da taro ya yanke

Ba a ba da bashin inji ba. An ba mata ukun nan ƙaramin bashi na fulawa da sukari da gawayi, wanda za su iya biya cikin wata guda, suka haɗa kai suna gashi a tukunya kwana uku a mako har da ranar kasuwa. Ƙungiya ta sayi babban ƙunshin yis mai rabin kilo aka raba a ƙananan kwalabe masu murfi, saboda in mace ɗaya ta buɗe shi ita kaɗai zai mutu kafin ta ci rabinsa. Kowa tana ajiye tata kwalbar a wuri mai sanyi kusa da randa, inda ruwa ba ya taɓawa.

Injin yana nan gidan mai shi. In an kawo wuta da dare takan kunna shi, jikoki su karya da burodi mai zafi, kuma don wannan aka ƙera shi. Duk sabuwar da ke son koyo nan muke fara kai ta, ta auna, ta jera, ta leƙa ta ga yadda curin kwaɓi mai kyau yake, ta taɓa da yatsa. In ta yi haka sau biyu ko uku sai mu miƙa mata roba da tukunya.

Ƙungiyar da ke son ganin gwaji da ido ta aiko da saƙo ta hannun wakiliyarta, mu zo ranar taronku da kwanon awo da gorar ruwa, ku kuma ku tanadi kilo biyu na fulawa da gawayi. Allah ya sa albarka a zubi, ya kai mu rabo lafiya.